Shekarar da Gidana Ya Daina Amsa Sallama

Na san abin da ake faɗa a tsakaninku game da katangar gabas ta gidan nan. Na ji an ce tsufa ne ya taɓa ni, na ji an ce baƙin hali ne, wata cikin surukaina ma cewa ta yi ƙauyanci ne ya sa na ɗauko birkila ya farfasa aikin da yayanku Abba ya zuba ƙarfinsa ya yi mini. Tana tsammanin maganar ba ta iso kunnena ba, to ta iso. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tunda Allah ya bar ni da ido da hannun riƙe biro, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance, da inda aka ɓata mini, da inda ni ma na ɓata, don kada in mutu ku bar jikokina da rabin labari.

Sai na fara da rijiya, don in ba ku san rijiyar ba, ba za ku gane komai ba. Mahaifina Malam Haruna ne ya haƙa ta tun ba a haife ni ba, a gefen soron gidanmu ta gabas, gindin durumin nan da kuka sani. Ƙauyenmu gida kan gida ne, gona na jingine da gona, rijiyoyi kuma suna da yawa, amma da bazara ta yi nisa duk sai su ja baya, a dinga kwarfar laka. Tamu ce kaɗai ban taɓa ganin ƙasanta ba. Saboda haka tun ina yaro ban san gidanmu da rufaffiyar ƙofa ba. Mata na shiga da tuluna, daga baya aka koma jarkoki, suna sallama suna wucewa ba tare da jiran izini ba. Kuma a unguwar nan an saba, jariri in ya faɗo da ruwan rijiyar Malam ake yi masa wankan farko, mutum in ya cika da ruwanta ake yi masa na ƙarshe. Ba wanda ya kafa wannan doka, ba kuma a littafi take ba, haka dai muka taso muka tarar. Ranar da mahaifina ya ga jikin ya ƙi, ya sa aka kira ni, ya riƙe wuyan hannuna.

"Sale, gonaki ku raba yadda shari'a ta ce. Rijiyar nan kuwa ba ta cikin gado. Kada in ji wani ya zo gidan nan neman ruwa ya koma da tulu wayam."

Na ce masa to. Wannan "to" ɗin ita ce ta rushe katangar da kuke magana a kai.

Yayanku Abba ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci, shi ya sa ba ku taɓa jin na kira sunansa na yanka ba. Ku da kuka zo daga baya kun same ni da sakin fuska, har auta Maryam tana hawa wuyana tana ja mini gemu. Shi kuwa da kunya aka raine shi. Ni ba na zama in yi doguwar hira da shi, Innarku kuma in ya shigo ɗaki sai ta sami abin yi a tsakar gida. Haka iyayenmu suka yi da mu, haka muka yi da shi. Allah ya yi masa albarka ya zama injiniya, ya zauna Abuja, ya yi arziki daidai gwargwado, bai kuma taɓa mantawa da mu ba. Ina so ku riƙe wannan, don duk faɗan da za ku ji na yi a takardar nan ba da mugun ɗa na yi shi ba. A shekara guda abu biyu suka faru. Innarku ta zame a bakin rijiya ta karye a hannu, sannan ɓarayi suka shigo ta soro tsakar rana, muna wurin ɗaurin aure, suka kore ragunan layya biyu. Da labari ya kai masa sai ga shi da takardun zane da motar siminti. Ya ce zai gyara gidan yadda ba za mu ƙara wahala ba. Me uba zai ce? Na sa masa albarka.

Aka yi wata biyar ana aiki. Aka ja katanga mai tsawo da waya mai lantarki a samanta, aka toshe soro aka sa ƙaton get na ƙarfe, aka haƙa bohol, aka ɗora tanki, aka jera farantan sola a kan rufi. Tsohuwar rijiya ta faɗo cikin katanga, aka zuba mata kankare a baki wai kada wani ya sake faɗuwa. Da na ga ana rufe ta na tuna wasiyyar mahaifina, amma abin da na iya ce wa Abba kawai shi ne a bar wa mutane ruwa. Ya ce an gama, ya sa aka fitar da famfo biyu a jikin katanga ta waje. Na ga ruwa na zuba, mata na murna ba ja ba guga, na ce alhamdulillahi wasiyya ta tsira. Daga nan sai aka zo kan abin da shi ya fi alfahari da shi. Wai duk kayan gidan nan, fitilu da fankoki da injin ruwa da get da kyamarori da wayar kan katanga, an haɗa su ƙarƙashin na'ura guda, wani ɗan akwati fari da aka manna a bangon falo, shi ne ke ba kowa umarni. Shi kuma akwatin yana jin magana daga waya, tawa da ta Abba. Yana zaune a Abuja zai iya kashe fitilar ɗakina. Innarku ta dubi akwatin ta ce ashe an yi mana sarkin gida. Sunan da ya bi shi ke nan har yau.

Mutumin da ya zo daga birni ya saita Sarkin Gida ya zaunar da ni yana ta tambayoyi yana latsa kwamfuta. Ƙarfe nawa muke tashi, ƙarfe nawa muke kwanciya, wane ɗaki muka fi zama. Can sai ya ce:

"Alhaji, mutum nawa ne a gidan?"

Na ƙirga a yatsa: ni, Innarku, ƙanwata Gwaggo Yalwa da ta dawo hannuna bayan rasuwar mijinta, sai Maryam in ta zo hutu daga jami'a. Na ce masa mu huɗu ne. Ya rubuta huɗu. Ban tambaye shi dalilin tambayar ba, shi ma bai faɗa mini ba. Na ƙirga masu kwana a gidan, na manta da masu sha a cikinsa.

Kai, na ga ikon Allah a wannan shekara. Mutum ya haura saba'in a gidan ubansa, sai ga shi yana neman izini wurin akwati. Get ɗin ba ya buɗewa sai ka dangwala yatsa a wani ɗan gilashi, ciki da waje, wai don ko ɓarawo ya dirgo kada ya iya fita da kaya. To ni yatsun da suka yi shekara sittin suna riƙe fartanya, kanta ta cinye zanensu tas. In dangwala, wata mata ta yi mini magana da Turanci daga cikin bango, in lashi yatsa in goge a riga in sake dangwalawa, ta sake maimaita abin da ta faɗa, murya ko ɗar babu. Wata rana sai na yi bakwai kafin gidana ya gane ni. Mutane na wucewa suna "Malam Sale, barka da aiki," kamar wanda suka tarar yana huɗa. Gwaggonku kuwa tun farko ta ƙi a ɗauki yatsanta, ta ce ita ba zaɓe ake yi ba da za ta yi dangwale. Fitilu kuma motsi suke gani su kama, in ba motsi su mutu. In na zauna lazimi bayan magariba sai ɗaki ya yi duhu ɗif, dole in ɗaga hannu ina kaɗawa kamar mai korar ƙuda, da carbi a hannun. Na banɗaki ba zan ba ku labarinsa ba, ku ƙiyasta da kanku.

Wayar ita ce ta fi ci mini rai. Duk abin da ya gitta gaban kyamara sai ta yi ƙara ta sanar da ni. Akuya ta wuce, ƙit. Zabi sun sauko daga durumi, ƙit. Leda ta taso, ƙit. A ƙauyen da awaki suka fi mutane yawa! Ina cikin sahu a masallaci aljihuna na kuka, liman ya sallame ya waiwayo ya dube ni. Sannan ga Abba, duk abin da na gani shi ma ya gani. Sai ya bugo ya ce ya ga na fita gona rana ta take ba malafa, ko ya ga ban dawo ba har la'asar. Ɗan da ban taɓa haɗa ido da shi na minti guda ba, yanzu shi ke ƙirga fitata da shigata. Na san ƙauna ce, amma wallahi ta ishe ni.

Kada in ci amanar gaskiya, abin ya yi rana. Innarku ta huta da ɗibar ruwa, tanki na cika kansa ya tsaya da kansa. A zafin bazara mun kwana da fanka, abin da ba mu taɓa yi ba. Ko kaza ba a ƙara ɗauke mana ba. Shi ya sa duk lokacin da na fara mita sai Innarku ta ce in yi shiru kada yaron nan ya ji ya ce mun raina ƙoƙarinsa.

Da bazara ta kankama, rijiyoyin unguwa suka ja baya, layin jarkoki a bakin famfonmu ya kai har gindin durumi. Nan ne Sarkin Gida ya fito da sabon hali. Ana cikin tara ruwa sai ya ɗauke ƙaf, ciki da waje, alhali tanki cike yake. Na buga wa Abba, ya duba, ya yi dariya. Ya ce na'urar ta ga ruwan da ke fita ya wuce abin da mutum huɗu za su sha, sai ta ɗauka bututu ne ya fashe, ta rufe don kada a yi asara. Ya nuna mini inda zan latsa a waya ya dawo, ya ce in ya sami sarari zai sa a zo a gyara lissafin. Bai sami sarari ba, ni kuma ban matsa ba. Kullum hantsi ruwa ya ɗauke, mata su yi sallama a get, in latsa ya dawo. A nan ya kamata in zaunar da ɗana in gaya masa maganar da kakansa ya yi mini yana riƙe da hannuna. Ban yi ba. Kunyar ɗan fari ta hana ni, na bar wasiyyar ubana tana rataye a jikin maɓallin waya.

Malam Isyaku kun san shi, gidansa ne na uku daga namu. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi karatun allo, shi ne ya raɗa wa Abba suna a kunne ranar da aka haife shi don ni kunya ta hana ni zama. Matarsa Hansai kuma aminiyar Innarku ce tun suna amare. Innarku tana cikin matan da ke yi wa mata wankan gawa a unguwar nan, kuma sun daɗe da yin alkawari ita da Hansai, cikin wasa cikin gaske, cewa duk wadda ta riga tafiya ɗayar ce za ta yi mata wanka.

Ranar kasuwar Gezawa ce. Na fita da sassafe zan sayar da wake in sayo takin zamani kafin ruwa ya sauka. Tun muna cikin mota wayar ta fara halinta, ƙit, ƙit, ƙit, har wani ɗan kasuwa da ke gefena ya ce Alhaji ko hannun jari gare ka a banki. Aka yi dariya. Raina ya ɓaci, na danne ta na kashe ta gaba ɗaya, na jefa aljihu. A aljihun nan kuma akwai ɗan mukullin ƙarfe guda ɗaya tak da ke buɗe get in na'ura ta ƙi, yana cikin zoben mukullaina. Wannan laifina ne, na rubuta shi da hannuna, kada wani ya ɗora wa Abba.

Abin da ya faru a bayana daga baya aka ba ni labari. Wajen hantsi ruwa ya ɗauke kamar kullum, ba mai latsawa. Kafin rana ta take Hansai, wadda ta kwana biyu da zazzaɓi, ta ce ga garinku nan. Aka aiko mata biyu da bokitai su ɗebi ruwan wanka su kuma taho da Innarku. Famfo ya ƙi ko ɗigo. Innarku ta ji kuka ta fito da mayafi za ta fita, get ya ƙi ta. Kwana biyu kafin nan an yi bikin 'yar ƙanwarta, ta sha lalle har ya yi baƙi a kan yatsunta, gilashin ya kasa ganin zanen. Yatsan Gwaggo kuma ba ya ciki. Aka buga wayata a kashe. Aka buga ta Abba, yana cikin jirgi zai je wani aiki Legas. Wasu samari suka kawo tsani, suka ga wayar lantarki a kan katanga suka janye. Ga ruwa fal a tanki sama da kawunansu, ga rijiyar Malam a rufe da kankare taku goma daga inda Innarku take tsaye.

Da abin ya ƙi, sai Malam Isyaku ya taso da kansa, da sandarsa, matarsa na kwance an rufe ta da zane. Ya tsaya a bakin get ɗina ya yi sallama. Innarku na bayan gida a lokacin tana dirzar yatsanta da dutsen goge kaushi ko lallen zai fita, ba ta ji shi ba. Gwaggo kunnenta ya yi nauyi. Wadda ta amsa masa ita ce matar nan ta cikin bango, da Turanci. A ƙarshe ruwan 'yan garuwa aka saya daga wani bohol na kuɗi a bakin titi, wata mata daga unguwar yamma ta yi wankan, aka sallaci Hansai bayan azahar aka kai ta. Innarku tana jin tafiyar masu ɗauke da makara ta bayan katanga.

Na dawo bayan la'asar da buhun taki a kan babur ɗin haya, na ga tabarmi a ƙofar gidan Isyaku. Na buɗe get da mukulli, na tarar da Innarku zaune a ƙasa ta jingina da ƙarfen, babban yatsanta ya saɓule yana jini. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Na juya na tafi wurin zaman makoki, na durƙusa gaban Isyaku na yi masa gaisuwa, na fara kame-kamen bayanin waya da na'ura. Ya ɗaga mini hannu.

"Ba komai, Sale. Wanka ya yi, ruwa duk ruwa ne. Na dai yi sallama sau uku. An ce in ka yi uku ba a amsa ba ka koma, sai na koma."

Shekara saba'in muna tare, bai taɓa gaya mini magana mai zafin wannan ba, kuma a hankali ya faɗe ta. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tunda uwata ta haife ni. Na ji kamar mahaifina yana zaune a ƙarshen tabarmar yana kallona.

Na bari aka yi sadakar uku. Washegari da safe na kira birkila da leburori biyu, na nuna musu katangar gabas daidai rijiya na ce su fasa. Birkilan ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce ko a jira Injiniya. Na ce masa gidan na uban Injiniya ne. Guduma ta farko tana sauka Sarkin Gida ya ɓarke da jiniya, unguwa ta cika, kaji suka watse. Ba a yi minti biyu ba wayata ta yi ƙara. Abba ne, yana kallon komai ta kyamara. Ya ce in tsaya don Allah, abin da ya faru ya ji kuma ya yi baƙin ciki, amma gyaransa bai fi minti biyar ba a kwamfuta. Zai ƙara yawan ruwan, zai sa lambobin sirri a get, zai sa a yanko mukullai. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, yanzu na sani. Amma a ranar ba na jin kira.

"Baba, wannan katangar don tsaronku na yi ta. In aka fasa, duk aikin ya tashi a banza."

Na ce, "Ta tsare mu. Ta tsare uwarka daga gawar aminiyarta. Ruwan da sai an nemi izini daga Abuja kafin a sha, ba shi ubana ya bar mini ba."

Sannan ya ce to Baba, Allah ya huci zuciyarka, ya kashe. Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi da ɗana na fari, kuma faɗa ce.

Aka fasa katanga, aka janye ta ciki yadda rijiya ta koma waje gindin durumi. Aka farfasa kankaren, aka shiga aka yashe ta, aka ɗaga mata baki zuwa ƙugu don kada wani ya zame. Na sa kafinta ya yi mini ƙofar katako mai sakata a inda tsohon soro yake, irin wadda ko makaho zai lalubo ya buɗe. Sauran kayan ban taɓa su ba. Sarkin Gida yana nan yana mulkin fitilunsa da fankokinsa, ni kuma ina kaɗa masa hannu in zan yi lazimi.

Abin da ya biyo baya kun fi ni sani, don da ku aka yi. Abba bai zo ƙaramar salla ba, bai zo babba ba. Saƙo na zuwa, buhun shinkafa na zuwa, shi ba ya zuwa. Kuka rabu biyu, wasu na cewa Baba ya wulaƙanta Yaya a gaban ƙauye, wasu na yin shiru. Ya daina bugowa ya ce ya gan ni ba malafa, sai ga ni ina ɗaga kai ina duban kyamarar in zan fita, ina tunanin ko yana kallo. Rijiyar ma kwana tara ba wanda ya zura mata guga, mutane na jin nauyi, sai a rana ta goma surukar Isyaku ta zo da tulu, daga nan sauran suka biyo. Shi kuwa Isyaku muna gaisawa a masallaci, muna zama a inuwa ɗaya, yana karɓar goro daga hannuna. Amma bai ƙara tako ƙofar gidana ba, ta ƙarfen ko ta katakon.

Da bazara ta zagayo Isyaku ya kwanta ciwo, muka ga alamar ba tashi. Innarku, wadda ba ta taɓa ɗaga waya ta kira ɗanta na fari da kanta ba, ta sa Maryam ta nemo mata lambarsa. Ina daga tsakar gida na ji ta ce masa babanka Isyaku yana jin jiki, in kana so ka same shi ka taho. Washegari da yamma ya iso. Ya gaishe ni a tsaye, na amsa a tsaye, ya wuce gidan Isyaku. An ce mini tsohon ya gane shi, ya tambaye shi iyali, ya sa masa albarka, bai ta da maganar komai ba. Da hantsin washegari ya cika.

Ban jira a aiko ba. Na ɗauki bokiti biyu na nufi rijiya. Famfo na nan yana aiki a jikin katanga, amma ban ko dube shi ba. Na zura guga ya cika, na ja, na ja, sai kafaɗata ta ce ba ta san zancen ba. Gugan ya tsaya a tsakiya, igiya na zamewa a tafina. Sai na ji an kama igiyar ta bayana. Abba ne, da farar shaddarsa, ya naɗe hannun riga. Na matsa masa. Hannun da bai saba ba, kafin a jawo guga na huɗu tafinsa ya yi bororo ya fashe, na ga yana gogewa a gefen riga yana ci gaba. Shi ya kai ruwan har ƙofar ɗakin da aka yi wa Isyaku wanka.

Bayan sadakar uku, ranar da zai koma, ya same ni a gindin durumi da kwamfutarsa a hannu. Ya zauna a ƙasa kamar yadda yake yi yana yaro. A nan na gaya masa wasiyyar kakansa, kalma da kalma, abin da ya kamata in yi tun ranar da motar siminti ta tsaya a ƙofar gida. Sannan ya buɗe kwamfutar ya ce zai gyara maganar famfon, har yanzu huɗu ne a rubuce.

"Baba, mutum nawa zan sa?"

Na ce, "Ban sani ba. Mai sunanka ma bai taɓa ƙirgawa ba."

Ya goge huɗun, ya cire dokar gaba ɗaya. Tun daga ranar ruwa bai ƙara ɗaukewa ba, ko da an kwana ana tara.

To kun ji labarin katangar gabas. Gidan nan in na mutu naku ne, ku sa masa duk na'urar da zamani ya kawo, ku sa wadda za ta dafa muku tuwo ma in akwai. Abu biyu kawai na hana. Kada a rufe bakin rijiyar nan, kada kuma a cire ƙofar katakon. Ranar da tawa ta zo, kada wanda ya taɓa famfo. Igiya da guga suna rataye a reshen durumi, Abba ya san inda suke.